An ɗauke wuta ana tsakar rubutu

Wanda ya san Legas a ƙarshen shekarun 1990 ya san shagunan buga takardu da suka jeru daga Mile 2 zuwa Festac, da waɗanda ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ta Agege. Ɗan ƙaramin shago ne, kwamfuta ɗaya ko biyu 'yan gwanjo da aka sayo a Alaba ko a layin Otigba na Ikeja, injin fotokwafi a gefe, sai matashi mai saurin yatsu. Nan direban tirela da ke jiran lodi a Apapa yake zuwa a buga masa takarda, nan mai sayar da dabbobi daga Alaba Rago yake kawo yarjejeniya, nan sakataren ƙungiyar 'yan Arewa yake kawo bayanin taro. Galibin injinan Windows 95 ko 98 ne a kansu. Ana tsakar bugu sai NEPA ta ɗauke wuta, allo ya yi baƙi, a ja igiyar janareta, a sake kunnawa, sai shuɗin allon ScanDisk ya bayyana yana bin faifai lungu-lungu. Wata rana a fita lafiya. Wata rana takardar ta koma tarkace mai suna FILE0000.CHK, ka buɗe ka ga rabin rubutu da rabin shirme. Abin da ya fi ciwo shi ne, wani lokacin fayil ɗin da ya lalace ba ma shi ake aiki a kansa ba, tun makon jiya aka gama shi aka ajiye.

Wannan na ƙarshen ne ya sa nake ganin labarin ya cancanci a ba da shi. Rasa layin da kake bugawa lokacin da wuta ta tafi abu ne da hankali zai ɗauka. Amma me ya kai ɗaukewar wuta ga takardar da ba a taɓa ba? Amsar ta ɗauki masana fiye da shekara talatin, kuma waɗanda suka yi aikin suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, alhali mu ne muka fi kowa cin moriyarsa.

Ga inda matsalar take. Faifan ajiya a kashe yake gurbi-gurbi, kuma fayil ɗaya yakan warwatsu cikin gurabe da yawa. Saboda haka dole kwamfuta ta riƙe lissafi a kan shi wannan faifan: jerin guraben da ke da mai su da waɗanda babu kowa, katin kowane fayil mai faɗin tsawonsa da inda gurabensa suke, da jerin sunayen da ke cikin kowace jaka. Idan ka ƙara shafi ɗaya a takardarka, wurare uku aƙalla za a taɓa: a zuba sabon rubutun a gurbi, a gyara jerin gurabe a ce wannan ya samu mai shi, a gyara katin fayil. Faifai kuwa ba ya iya yin ukun a tare. Alkawarin da tsofaffin faifai ke iya ɗauka bai wuce ɗan yanki mai bayit 512 ba. In wuta ta tafi bayan an gyara katin fayil amma ba a kai ga jerin gurabe ba, to gurbin yana da mai shi, amma lissafi ya ce fili ne. Gobe sai a ba wani fayil shi, fayil biyu su haɗu a gurbi ɗaya, sabo ya taka tsoho. Ka ji yadda takardar makon jiya ke mutuwa.

Sai kuma wani abu da ya ƙara dagula lissafi. Faifai mai juyawa yana da nawa ƙwarai idan aka kwatanta da ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka tun farkon Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, aka saba ba a rubutawa nan take. Ana ɗauko gurbi a ajiye kwafinsa a ƙwaƙwalwa, a yi ta gyara shi a can, sai daga baya a mayar. Waɗannan kwafe-kwafen, mu kira su shafukan jira, su ne ke sa kwamfuta sauri, kuma su ne tushen haɗarin, domin ana mayar da su ne bisa abin da ya fi sauƙi ga hannun faifai, ba bisa wanda aka fara gyarawa ba. A tsohon Unix akwai wani ɗan shiri da ke tashi duk daƙiƙa 30 ya kora su zuwa faifai. Masu kula da injinan wancan zamani har suka ɗauki al'adar buga umarnin sync sau biyu ko uku kafin su kashe, don su tabbata komai ya sauka.

Maganin farko shi ne gyara bayan ɓarna. Shirin fsck, wanda Ted Kowalski ya rubuta a Bell Labs, yana bin kowane kati da kowane gurbi yana gwama lissafi, ya raba fayilolin da suka sarƙe, ya tattara marayun gurabe cikin jaka guda. ScanDisk ɗin da muka sani ɗan'uwansa ne. Yana aiki, sai dai tsawon aikinsa na bin girman faifai, kuma faifai kullum ƙara girma yake. Manyan injinan kamfanoni suka kai ga yin sa'o'i a tsaye bayan kowace faɗuwa. Kuma fsck ba ya sanin niyyar mai rubutu, kintace yake yi, burinsa lissafi ya daidaita ko da takardarka ce za ta tafi. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Kirk McKusick da abokan aikinsa suka fito da sabon tsari a 1983, wanda ke tsayawa cak ya jira kowane muhimmin gyaran lissafi ya sauka kafin ya yi gaba. Ɓarna ta ragu, amma ƙirƙira ko goge fayiloli masu yawa ya zama tafiyar hawainiya.

Mafita ta zo ne daga wani gida daban, wato masu rumbunan bayanai na bankuna da kamfanonin jiragen sama, waɗanda kuskuren rabin rubutu a wurinsu kuɗi ne. A ɗakin binciken IBM da ke San Jose, cikin shekarun 1970, Jim Gray da sauran masu aikin System R suka daddale wata ƙa'ida: kada ka taɓa ainihin wurin sai ka fara rubuta abin da za ka yi a wata rajista ta daban, ka tabbata ya zauna.

Ɗan Agege zai gane wannan ƙa'ida da wuri, domin cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa a can bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano. A ce akawun maigida ne, huhu ashirin sun fita bashi zuwa Sakkwato. Shafi uku zai taɓa a babban littafi: na kayan da ke sito, na bashin mai saye, na la'adar dillali. In ya rage sito aka kira shi kafin ya rubuta bashin, goro ya ɓata a lissafi ke nan. Akawun kirki sai ya fara rubuta cinikin gaba ɗaya a ɗan littafin aljihunsa, layi uku a jere, ya ja layi a ƙasa ya sa hannu, sannan ya bi babban littafi a tsanake. Ko an katse shi, wanda ya zo bayansa zai buɗe ɗan littafin: abin da aka sa wa hannu a ƙarasa shigar da shi, abin da ba a sa wa hannu ba a ɗauka ba a yi ba.

Robert Hagmann na Xerox PARC ya nuna a 1987 cewa ana iya yi wa tsarin fayil haka, a tsarin bincikensu mai suna Cedar, har ya ƙara dabarar tara gyare-gyare da yawa a sa musu hatimi guda. Daga nan abin ya bazu. IBM ta fitar da JFS a 1990, Microsoft ta kawo NTFS tare da Windows NT a 1993, Silicon Graphics ta kawo XFS a 1994. Amma duk waɗannan na manyan injina ne masu tsada. Shagon Mile 2 ya ci gaba da zama a kan FAT, tsarin da aka ƙera tun zamanin fulofi, wanda ba shi da rajista ko kaɗan, har sai da Windows XP ya fito a Oktoban 2001 ya fara kawo NTFS teburin talaka.

A ɓangaren Linux, inda ake yin komai a bainar jama'a, mun fi sanin yadda aka sha fama. Tsarinsu ext2, wanda Bafaranshe Rémy Card ya jagoranta a 1993, yana da sauri amma fsck kaɗai ya dogara da shi. Stephen Tweedie, ɗan Sikotlan, ya gabatar da shirinsa na ƙara masa rajista a 1998, aka sa masa suna ext3, ya shiga zuciyar Linux a zubi na 2.4.15 cikin Nuwamban 2001. Shekara uku ke nan a kan tunanin da ake iya bayyanawa cikin minti biyu. Abin da ya cinye lokacin shi ne shafukan jira, kuma a nan gizo ke saƙa.

Na farko, akwai wani sashe na Linux da aikinsa kawai shi ne ya ga shafin da aka gyara ya kora shi zuwa faifai, musamman idan ƙwaƙwalwa ta cika. Bai san da wata rajista ba. In ya ɗauki shafin lissafi da aka gyara ya kai shi gidansa na dindindin kafin a sa hatimi a rajista, wuta ta tafi, to an koma gidan jiya: rabin gyara ya sauka, kuma babu shaidar da za a ƙarasa ko a warware. Saboda haka Tweedie ya sa doka cewa kafin ext3 ya taɓa kowane shafin lissafi sai ya nemi izini daga mai kula da rajista, wani sashe da ake kira JBD. Shi kuma sai ya riƙe shafin, ya ɓoye alamar an gyara shi daga idon mai korar, ya sa masa wata alama tasa ta daban. Shafin ba zai ga gidansa ba sai an rubuta kwafinsa a rajista, an jira faifai ya amsa, an rubuta hatimi, shi ma ya sauka.

Na biyu ya fi dabara. Ana tara gyare-gyare cikin ƙunshi guda, duk daƙiƙa 5 a rufe shi a fara rubuta shi a rajista, sabon ƙunshi kuma ya buɗe don kada aiki ya tsaya. To, idan sabon ƙunshi yana son gyara shafin da tsohon ke kan rubutawa fa? Hakan na faruwa kullum, domin jerin gurabe kowa na taɓa shi. In aka bari ya gyara, abin da zai sauka a rajista gauraye ne, da na wanda aka kammala da na wanda ba a kammala ba, kuma hatimin tsohon ƙunshi zai hau kan abin da ba nasa ba. In aka ce ya jira, kwamfuta ta riƙa sandarewa. Abin da JBD ke yi shi ne, a daidai lokacin neman izinin nan sai ya ɗauki hoton shafin kamar yadda yake, ya daskarar da shi ya bar wa tsohon ƙunshi, sabon kuma ya ci gaba da gyara nasa. Ni a ganina wannan ɗan matakin shi ne zuciyar aikin duka, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba idan ana bayanin rajista.

Rajistar kanta ba ta da girma, zagaye take yi, in ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ba a share wani sashe nata sai kowane shafin da ke ciki ya isa gidansa. Don kada ta cika ana tsakar aiki a rasa gaba a rasa baya, kowane gyara sai ya faɗi adadin guraben da zai buƙata tun kafin ya fara, a keɓe masa.

Sai wata matsala da ba ta zuwa wa mutum a rai sai ya gamu da ita. A ce wani gurbi yana ɗauke da jerin sunayen wata jaka, an gyara shi, kwafinsa na cikin rajista da hatimi. Aka goge jakar, gurbin ya zama fili, aka ba wata sabuwar takarda, aka zuba rubutunta. Sai wuta ta tafi. Da aka kunna, mai farfaɗowa ya ga tsohon kwafin nan da hatiminsa lafiya lau, ya ɗauka ya mayar da shi gurbinsa, ya taka sabuwar takarda da jerin sunayen jakar da ta mutu. Rajistar da aka kawo don kariya ita ce ta yi ɓarnar. Maganin shi ne takardar sokewa: duk lokacin da aka saki irin wannan gurbi, a rubuta a rajista cewa kada a sake mayar da tsofaffin kwafinsa. Shi ya sa farfaɗowar ext3 zagaye uku ce, na farko a gano inda hatimi na ƙarshe yake, na biyu a tattara sokewa, na uku a mayar da abin da ya rage. Ko wuta ta sake tafiya ana cikin wannan, babu komai, a sake daga farko, sakamakon ɗaya ne. Wanda ya san yadda wuta ke zuwa ta koma cikin minti biyar a Legas zai san darajar wannan. Kuma duk abin daƙiƙoƙi ne, komai girman faifai.

Saura rubutun mutum kansa, domin yawanci lissafi kawai ake sa wa a rajista. Ext3 ya ba da zaɓi uku, kuma wanda aka ɗora a matsayin na kullum shi ne na tsakiya: rubutun takarda ba ya shiga rajista, amma dole ya sauka a gurbinsa kafin a sa hatimi a kan lissafin da ke nuna shi. Ba don haka ba, bayan faɗuwa fayil zai iya nuna gurbin da ba a kai ga zuba masa sabon rubutu ba, ka buɗe takardarka ka tarar da wasiƙar wani da aka goge. A injin da ke ɗauke da takardun mutum ɗari, wannan ya wuce asara, tonon asiri ne.

An ɗauka an gama, ashe faifai kansa ba ya faɗin gaskiya. Masu ƙera shi sun sa masa 'yar ƙwaƙwalwa tasa, yana karɓar rubutu ya ce ya sauka alhali yana riƙe da shi, ya kuma jera yadda ya ga dama. Hatimi na iya riga abin da yake hatimtawa. Akwai umarnin da ke tilasta masa ya zazzage komai kafin hatimi, amma yana rage sauri, kuma ext3 ya daɗe da shi a kashe. A 2008 masu aikin Linux suka yi muhawara mai zafi a kai: Andrew Morton ya tuna cewa wasu ayyuka sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari lokacin da aka gwada kunna shi, Chris Mason kuma ya rubuta shirin gwaji da ya nuna ana iya lalata faifai cikin sauƙi idan aka zare wuta. Sai a 2011, a zubi na 3.1, aka mayar da shi a kunne. Na fahimci masu son sauri, amma lissafinsu na wanda ke ganin ɗaukewar wuta sau ɗaya a shekara ne. A Agege ko Festac, inda tsakanin tafiyar wuta da tashin janareta kullum akwai giɓi, kuma batirin UPS ya gaji tun bara, wancan kashi 30 ba tsada ba ce. Masu bincike a Jami'ar Wisconsin sun kawo ƙarin kariya a 2005, wato a sa wa kowane ƙunshi lambar tantancewa, in abin da ke ciki bai yi daidai da lambar ba a watsar da shi, kuma ext4, magajin ext3, ya ɗauki wannan.

Shi ext4 ɗin, da aka ce ya nuna a Disamban 2008, ya zo da nasa rikicin. Don sauri, yakan jinkirta zaɓar wa sabon rubutu gurbi har minti guda ko fiye. Shirye-shirye da yawa sun saba su rubuta sabon fayil, su sauya masa suna ya maye tsohon, ba tare da sun kira fsync ba, wato umarnin da ke cewa a tabbatar ya sauka. A ext3 wannan sakacin bai cika cutarwa ba saboda zagayen daƙiƙa 5. A ext4 sauya sunan sai ya shiga rajista da hatimi, rubutun kuwa yana ƙwaƙwalwa. A farkon 2009 masu gwada Ubuntu, wani nau'in Linux, suka fara tarar da fayilolinsu fayau bayan faɗuwa, ba tsohon ba sabon. Theodore Ts'o, mai kula da ext4, ya ce ƙa'ida ba ta taɓa yin wannan alkawari ba, laifin masu shirye-shirye ne. A takarda yana da gaskiya, kuma lissafin faifai bai karkace ko kaɗan ba. Amma mutane sun rasa abinsu, kuma a zubi na 2.6.30 cikin wannan shekara aka sa ext4 ya gane irin wannan sauyin suna ya tura rubutun tukuna.

Ko fsync ɗin ma an gano yana da rami. A 2018 masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka gane cewa idan faifai ya kasa karɓar wani shafin jira, Linux yakan sanar da kuskuren sau ɗaya, sannan ya cire wa shafin alamar gyara kamar ya sauka. In ka sake kiran fsync sai ya ce lafiya. Shekara da shekaru suna dogaro da wannan amsa ta biyu. Gyaran da suka yi shi ne, da zarar an samu kuskure na farko rumbun ya tsaya gaba ɗaya, ya farfaɗo daga tasa rajistar.

Yau NEPA ta zama tarihi. Ta koma PHCN a 2005, aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamban 2013, Agege ta faɗa hannun Ikeja Electric, yankin Festac kuma hannun kamfanin Eko, ko da yake har yanzu in wuta ta dawo sunan NEPA yara ke kira. Aikin da shagunan buga takardu ke yi ya koma cikin waya, kuma tun ƙarshen 2010 wayoyin Android suka fara amfani da ext4, wasu daga baya suka koma F2FS na Samsung, wanda ke bin wata hanyar ta kare lissafi. Shi ya sa batirin waya ke mutuwa tana hannunka, ka yi caji ka kunna ka tarar da hotunanka.

Inda aka bari a baya shi ne filash da katin memori. Mafi yawansu har yau FAT32 ko exFAT ne a kansu, don kowace na'ura ta iya karantawa, daga rediyon mota zuwa talabijin, kuma babu rajista a cikin ko ɗaya. Mai tura finafinai da karatun malamai a bakin kasuwar Agege, idan allo ya nuna masa an gama kwafa, wani lokacin wani ɓangare na jerin gurabe yana nan a shafin jira bai sauka ba. In ya fizge katin don mai shi na sauri, abin da ya faru da injinan shagunan buga takardu ne zai iya faruwa, kuma katin zai iya buɗewa yau ya ƙi buɗewa jibi. In ya danna wurin cirewa ya jira kwamfuta ta ba shi izini, umarnin da ya bayar shi ne wanda masu kula da Unix ke bugawa sau uku kafin su kashe inji.